Robarsa Ta Faɗi

Ni dai tun farko ban ƙaunaci robar nan ba, gara in faɗa tun yanzu. 'Ya'yana duk na raine su ba wanda ya taɓa tsotsar roba. Yaro ya yi kuka ki ba shi mama, in ya ƙi ki goya shi, in ya ƙi goyon ki miƙa wa ubansa shi ma ya san ya haihu. Shi ya sa ranar da Surajo ya shigo da robar tsotso daga kemis, wata shuɗiya mai zobe, sai da na yi tsaki har ya waiwayo.

Sunana Tasalla, waina nake toyawa a gidan hayar da muke zaune a Tudun Wada. Ƙofar ɗakina tana kallon ta Khairiyya matar Surajo, rijiyarmu ɗaya, igiyar shanyarmu ɗaya. Surajo direba ne, masara da shinkafa yake ɗauka daga kasuwa zuwa Kano, sai ya kwana biyu ba a gan shi ba. Ita kuwa Khairiyya 'yar Fulanin wajen Ɗansoshiya ce, siririya, ba ta da hayaniya. Hausarta tsaf, sai in ta tsorata ne Fulatanci yake kuɓuce mata. Adda take ce mini, ni kuma na ɗauke ta ƙanwa.

Ɗanta na fari namiji ne, aka mayar masa da sunan mahaifin Surajo, marigayi Malam Mas'ud, muke kiransa Baffa. To, kunyar ɗan fari kowa ya san ta, mu ma mun yi. Amma tamu ta baki ce, a gaban surukai ka ɗaure fuska, suna juya baya ka rungume abinka. Ta Khairiyya kuwa, tabɗi! Ban taɓa jin sunan yaron nan a bakinta ba, ko Baffan ma. Sai dai "yaron nan", ko "na ɗaki". In da mutum ɗaya a tsakar gida ba za ta ɗauke shi ba, ko zai tsage da kuka. Kakarta ce ta raine ta a ruga, kuma tsohuwar ba ta bar mata ko kaɗan ba.

Da hantsi ɗakinsu yakan yi zafi kamar tanda, don haka a inuwar bakin ƙofata ake shimfiɗa wa Baffa tabarma. Lokacin ne kuma gidan yake cika da mata masu sayen waina da masu zuwa jin gulma. Khairiyya tana can bakin rijiya tana wanki, sai ka ji ta ce, "Adda, robarsa ta faɗi." Ta goge hannu, ta zo ta durƙusa, ta mayar masa, tana faɗa da ƙarfi don kowa ya ji, "Kai dai ka dami mutane." Yaro ya yi luf, ta koma wankinta.

Sai na ga robar nan ta cika faɗuwa. Haba, sai ka ce da ƙafa aka yi ta? Rannan na sunkuya ɗaukar ludayi, idona ya sauka a kansu ta ƙarƙashin hannuna. Wallahi da idona na ga ta zo wucewa da bokiti, ta sa ɗan yatsa ta zare robar daga bakinsa, ta yi gaba abinta. Yana fara ƙananan kuka ta juyo, wai ita an takura mata, "Oh ni, ta sake faɗuwa." Ta durƙusa ta ba mu baya. Tana sa masa robar, babban yatsanta yana shafa tsakanin girarsa zuwa karan hanci, a hankali, tana wani ɗan sauti a maƙoshi irin wanda makiyaya suke yi wa ɗan maraƙi. Kafin ta ɗauke hannu yaron ya yi nisa.

Ashe ba roba ce take sa shi barci ba, yatsan uwarsa ne. Ita robar izini ce kawai.

Da mata suka watse na ce mata, "Ke munafuka, zo nan. Yau na kama ɓarauniyar roba."

Ta rufe fuska da gefen mayafi. "Adda, don Allah don Annabi, kada kowa ya ji. Ki rantse mini."

Na rantse ina dariya. Me ke cikin wannan da za a ɓoye? A lokacin abin wasa na ɗauke shi.

Baffa ya kusa isa yaye sai ga Inna Asibi, mahaifiyar Surajo, ta zo daga Riruwai za a yi mata aikin ido. Kada ku ce zan zage ta, Inna Asibi ba muguwa ba ce. Mace ce da ta yi wankin kuza a wurin haƙar ma'adinai da ƙuruciyarta, hannunta kamar na maza, bakinta ba ya ajiye magana, amma cikinta fari ne. Tun da mijinta ya rasu ita kaɗai take zaune. Aka yi aikin, aka rufe mata ido ɗaya da auduga, ɗayan ma dishi-dishi yake gani, aka ce ta zauna kusa da asibiti har ya warke. Ɗaki ɗaya ne gare su, don haka Surajo ya koma kwana shagon abokinsa, Inna ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakin Khairiyya. Ta jawo Baffa gefenta, ta ce maigidanta kusa da ita zai kwana.

Kun ga ke nan ko cikin ɗakin ma yanzu akwai ido. Abin da ya rage wa Khairiyya a duniya shi ne robar nan ta faɗi.

Inna kuwa tun ranar farko da ta shafa fuskar jikanta ta ji zobe a bakinsa ta ce, "Wannan kuma mene ne? An toshe mini bakin maigida kamar tulu?" Ana haka Surajo ya zo da labarin cewa ma'aikaciyar wurin rigakafi ta ce robar tana turo wa yara haƙora gaba, gara a raba shi da ita. Shi ke nan, Inna ta samu abin da take nema. Ta fara da shafa wa robar garahuni. Baffa ya yamutsa fuska, ya tsotse ɗacin tas, ya ci gaba da abinsa. Washegari da hantsi, mata cike da gida, ta laluba ta cire ta daga bakinsa, ta wurga sama. Muka ji ƙwas a kan kwanon rufin ɗaki.

Mata suka yi shewa, ni ma har da cewa madalla. Da na juya na ga Khairiyya tsaye da guga a hannu, ruwa yana zuba a ƙafarta ba ta sani ba, sai na yi da-na-sanin madallar.

Daga ranar barci ya yi ƙaura daga gidanmu. Yaron nan sai ya yi gyangyaɗi kamar zai tafi, sai ya zabura, bakinsa yana neme-neme, hannunsa yana murza goshinsa, ya tsala ihu. Kowace safiya muka fito kamar waɗanda suka kwana a tasha. Maigidana ya koma yin ramuwar barci a masallaci bayan asuba. Ni kuwa na ƙona waina har masu saye suka fara tambaya ko lafiya. Baffa ya daina shan kunu, idanunsa suka yi ja, ya koma cizo. Rannan a tsaye barci ya sace shi ya jingina da turmi, bai yi nisa ba ya faɗi, aka koma gidan jiya.

Inna ta yi iya yinta, ban rage mata ba. Ta goya, ta yi jijjiga da ciwon idonta, ta aika aka karɓo rubutu, ta yi tofi, ta ba shi dabino ya tsotsa. Khairiyya kuwa sai dai a miƙo mata shi ya sha mama, ta kawar da kai gefe kamar ɗan wani aka ba ta, yana saki ta mayar. Sai ta je ta zauna tana ɓarar masara har yatsunta suka fashe. Masarar ma ba tata ba ce, tawa ce.

Na tare ta a bakin rijiya. Na ce, "Ke wai wane irin taurin kai ne wannan? Shafa goshi ne fa, ba sata ba. Ki je ki ɗauki ɗanki ki yi masa abin da kika saba, ko ki sake ni in gaya wa tsohuwar nan."

Ta ce, "Adda, a gaban mahaifiyarsa? Mai sunan mijinta fa? Da wane ido zan sake kallonta? Gobe labari ya kai rugarmu, a ce 'yar Hamman ta shiga gari ta zubar da kunya."

"To ki zuba masa kunyar a kofi ya sha ya yi barci!"

Sai hawaye ya zubo mata. Na je da kaina na gwada shafa masa goshin, ya doke hannuna kamar na ɗora masa garwashi.

Ranar da aka ce Inna za ta iya komawa gida ta ƙarasa jinyar idon a can, Surajo yana nan, da wani ƙanin mahaifinsa da ya zo tafiya da ita. Bayan azahar aka zauna a tsakar gida, ni ina gefe ina wanke tanda. Inna ta ce ta yi tunani. Yaron nan muddin yana jin ƙanshin mama zai riƙa tuna roba, gara a yanke duka biyun lokaci ɗaya. Za ta tafi da shi Riruwai ta yaye shi.

Sai ta juya wajen da take jin motsin Khairiyya, ta sassauta murya. "Ke 'yar nan, ko da magana? In ba ki shirya ba a bari sai bayan kaka."

Jama'a, ƙofa ce fa aka buɗe mata har bango. Ba a ce ta yi magana ba. Da ta sunkuyar da kai ta yi shiru, ko ta tashi ta shige ɗaki, da ya isa, kowace tsohuwa ta san fassarar wannan. Amma Khairiyya ta tsorata, tana ganin kamar duk abin da ke cikinta ya fito a fuska, ga baƙo namiji zaune. Sai ta yi dariya. Ni da nake kallonta na ga ta damƙe gefen tabarma. Inna kuwa ido a rufe, murya kawai take ji.

"Inna, ni me zan yi da shi? Ku riƙe shi ma gaba ɗaya, mu samu mu yi barci."

Ƙanin mahaifin Surajo ya yi murmushi ya ce kai, an yi tarbiyya a nan. Inna ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "To madalla da 'yar mutunci. Na karɓa, Allah ya yi miki albarka." Surajo ya duƙar da kai yana wasa da makullin mota. Ni kuwa tanda ta suɓuce mini, da ta ƙasa ce da ta fashe.

Da la'asar suka tafi. Ba ta raka su ko zaure ba, ita ce har da shara.

Gida ya yi tsit, kowa ya rama barcinsa, ban da mutum ɗaya. Kullum na fito haɗa wuta sai in tarar da ita zaune a bakin ƙofa, ta riga ta share gidan, ta cika randunan kowa. Mama ya cika mata ya yi tauri, zazzaɓi ya kwantar da ita, ni na riƙa gasa mata da ruwan zafi. Da ta ji sauƙi, wata rana maza sun fita, na ga ta ɗauko gorar da muke tokare igiyar shanya, ta hau turmi tana lalube a kan kwano. Ta daɗe tana yi kafin abin ya gangaro. Rana ta cinye shuɗin, robar ta yi fari-fari. Ta wanke ta da sabulu, ta ƙulle a gefen zaninta.

Kwanakin yaye suka wuce ba a dawo da Baffa ba. Surajo yakan biya ta Riruwai ya kawo labari, wai ya yi kukansa ya gaji, yanzu a bayan Inna yake barci, har ya yi kumatu. Inna ma ta warware, ta samu abokin hira. Na tare Surajo a zaure na ce, "Kai ba ka da baki ne? Ba ka ga matarka tana ƙarewa ba?"

Ya ce, "Yaya Tasalla, ina gani. Amma ita da bakinta ta ce a riƙe shi, a gaban ƙanin mahaifina. Ni ne zan je in ce wa Inna ba ni ɗana? Ni ma fa ɗan fari ne, ban taɓa jin ta kira sunana ba."

Aka girbe masara, aka girbe shinkafa, azumi ya zo ya wuce. Bayan salla Surajo ya ce za su je gaida Inna, Khairiyya ta roƙe ni in raka ta. Muka bi hanyar Doguwa, tun daga Tudun Wada hannunta yana kan ƙullin nan na gefen zani.

Mun tarar da Baffa a tsakar gida yana bin kaji da kara. Ya yi tsawo, bakinsa ya buɗe. Ya dube mu kamar masu tallan da suka yi ɓatan gida, ya ruga ya ɓuya a bayan Inna. Khairiyya ta durƙusa ta gaida surukarta, ba ta ko kalli inda yake ba.

Bayan mun ci abinci Inna ta ja ni rumfa, idonta ya warke tas. Muna hira sai ta ce, "Tasalla, kin san ranar nan na so yarinyar nan ta yi shiru? Da ta yi shiru da ban ɗauke shi ba. Ni ma na yi kunyar ɗan fari, na san yadda take ci. Amma sai na ji tana dariya. Na ce to, wasu haka Allah ya yi su, ɗa bai dame su ba."

Nan fa na ji wani abu ya taso mini. Na ce a raina azumin kaffara dai ba ya kisa. Na kwashe komai na gaya mata, tun daga zare robar da yatsa, da shafa goshi, da hawa turmi, har ƙullin da ke gefen zanin surukarta a yanzu haka.

Sai Inna ta ce, "Innalillahi. Ashe da hannuna na wurgar." Ta share ido da bakin mayafi. "Lokacin barcinsa ya yi. Zan shiga maƙwabta, ke ki tura shi ɗaki wurinta. In ya yi barci a hannunta, ta tafi da abinta yau."

Haka aka yi. Na rarrashe shi da alewa na kai shi, na saki labule, na zauna a bakin ƙofa. Ba zan yi ƙarya ba, ina leƙe.

Khairiyya ta durƙusa a gabansa. Ta duba hagu da dama, sannan a hankali, kamar mai tsoron kalmar za ta ƙone ta, ta ce, "Baffa." Ranar na fara jin sunan a bakinta. Yaron ya tsaya yana kallonta yana tsotsar alewa. Ta kwance ƙullin, ta miƙa masa robar a tafin hannu. Ya ɗauka, ya juya ta, ya leƙa ta cikin zoben, bai kai ta baki ba. Ta ɗaga babban yatsa za ta shafa tsakanin girarsa, tana ɗan sautin nan na maƙoshi. Ya kautar da kai, ya ja da baya.

Sai kukan da ta riƙe tun ranar da aka ji ƙwas a kan kwano ya ɓalle mata. Ba ta da murya ma, kafaɗunta ne kawai suke rawa.

Baffa ya tsaya yana kallonta. Can sai ya matso, ya ɗaga robar da ɗan hannunsa mai danƙon alewa, ya tura mata a baki. Ya ɗan bubbuga mata goshi, ya ce, "Yi shiru." Sannan ya juya ya ɗaga labule, ya wuce ni yana murza ido yana kiran Inna.

Inna tana jin muryarsa ta shigo. Ya kama zaninta, ta sunkuya ya haye bayanta, kafin ta gama ɗaura majanyi kansa ya langaɓe. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ita ma hawaye take. Ta ce, "'Yar nan, ki yafe mini, ban gani ba. Zo ki kwance shi haka yana barci, ku shiga mota. Ya yi kukansa na kwana biyu ya saba."

Na ce a raina ke dai Khairiyya ki yi shiru, yau ɗaya ki yi shiru.

Ta fito, robar tana damƙe a hannunta. Ta zagaya bayan Inna, a gabanmu duka, har da Surajo da ya shigo, ta tsaya tana kallon fuskar ɗanta. Wannan karon ba ta kawar da kai ba. Ta daɗe tana kallonsa, ta gyara masa wuyansa da ya karkace.

Ta ce, "A'a Inna, kada a tashe shi. Ya sha wuya kafin ya samu barcin nan."

Da la'asar muka kamo hanya mu uku kamar yadda muka je, kuma har muka fita daga gidan, Baffa bai farka ba.